Rasuwar Malam Lilo, Akwatin da Ke Juya Agogon Baba

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da babban yatsa naɗe cikin bandeji, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki da maƙwabta, har da waɗanda suka leƙo ta katanga ranar da abin ya faru, rasuwar akwatin juya agogo na gidanmu, wanda aka fi sani da Malam Lilo. Marigayin ya cika ranar Asabar da hantsi, a ɗakin mahaifinmu, a kan 'yar kujerar da ke gefen gado, bayan gajeriyar jinya da ba ta kai tsawon shan kofin shayi ba. Wasu na yaɗa cewa wutar lantarki ce ta ƙona shi, don su rufa wa gidanmu asiri. Na gode musu, amma ƙarya ce. Guduma ce ta kashe shi. An san wanda ya riƙe ta, an san wadda ta ajiye masa ita, kuma dukansu biyu suna nan cikin gida suna cin abincinsu hankali kwance, babu wanda ya nuna ko alamar nadama.

Wanda bai san marigayi ba zai ce, me ya haɗa akwati da agogo? Dole in fara daga agogon. Agogon Baba ba ya cin batir, ba a kuma murɗa masa kunne kowace safiya. A cikinsa akwai wani ɗan ƙarfe mai siffar rabin wata da ke lilo duk lokacin da hannu ya motsa, lilon nan ne ke ɗaure sifirin, wato naɗaɗɗen ƙarfen da ke tafiyar da shi. In hannu na aiki, agogo na tafiya. In aka cire shi aka ajiye kwana ɗaya ko biyu, sai ya yi tsit.

Baba kafinta ne, kuma tun kafin a haife ni agogon ke hannunsa. Kowa a hagu yake ɗaura agogo, shi a dama yake ɗaurawa, hannun zarto, wai a can abincinsa yake. Abin alfaharinsa a duniya guda biyu ne: kujerar da ya haɗa ba ta girgiɗi, agogonsa kuma bai taɓa tsayawa ba. Mu 'ya'yansa ma mun ba da tamu gudummawar wajen raya shi, don duk marin da na sha a gidan nan da hannun agogo na sha shi. Yayata takan ce rabin ƙarfin agogon nan daga ƙeyata ya fito. Ba na musu da ita, don har yau in na ji ƙarar agogo kusa da kunnena sai na sunkuya.

Bara ne Baba ya ɗaga katako a shagonsa ya faɗi da shi. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, harshe ya yi nauyi, maganarsa ta koma gurnani wanda Umma kaɗai ke iya fassarawa. Kafin a sallamo shi daga asibiti agogon ya tsaya. Ina wurin lokacin da ya gane. Ya sa hagu ya ɗago dama kamar mai ɗaga kayan wani, ya kai agogon kunnensa, ya daɗe yana saurare. Ƙarar da ta fito daga bakinsa ba na fatan in sake jin irinta, kuma tun daga ranar na tsani ganin agogo a tsaye.

Likitar da ke motsa wa marasa lafiya gaɓoɓi ta gaya mana gaskiya ba ɓoye-ɓoye. Ta ce hannun zai iya dawowa in ana motsa shi kullum, da zafinsa da komai, in kuma aka bar shi zai lanƙwashe ya bushe, shi ke nan an yi asararsa. Amma wa zai taɓa Baba? Ƙafarsa ta hagu lafiyarta ƙalau, kuma ya nuna wa mataimakin likitar haka a tsakiyar ciki. Ya ciji mijin Yaya a damtse. Hanya ɗaya ce ya yarda a kama hannun, ita ce in agogon na ɗaure a jiki kuma an ce shi za a tayar. Saboda haka aikin ya faɗo kaina. Kowace safiya kafin in wuce ofis sai in biya, in zauna a bakin gado, in riƙe wuyan hannunsa da gwiwar hannu, in tura gaba in ja baya irin na mai yankan katako, har tsinken agogo ya motsa, sannan in ci gaba har ya tara abin da zai kai shi gobe. Baba na nishi, gumi na zuba, yana zagina da rabin baki, hagunsa na shaƙe da wuyan rigata. Riguna nawa ya yaga mini, Allah kaɗai ya sani. Wata safiya zafi ya ishe shi ya kai mini karo da goshi, na je aiki da auduga a hanci.

A wurin aikin kuwa, kamfanin jigilar kaya ne, oga ya fara kallon nasa agogon duk lokacin da na shigo. Daga kallo ya koma gyaran murya, daga gyaran murya ya kira ni ya ce in na sake makara in wuce da jakata kawai, ba sai na zauna ba. Ina cikin wannan hali ne na hango marigayi a tagar wani kanti, yana juya wani agogo a hankali, ba nishi, ba zagi, ba cizo. Na tsaya ina kallonsa har mai kanti ya fito ya tambaye ni ko lafiya.

Marigayi kyakkyawa ne, wannan ko maƙiyansa sun shaida. Baƙi ne mai sheƙi, da 'yar taga ta gilashi a gaba, da 'yar fitila shuɗiya a ciki, da ɗan matashin karan-miski inda ake ɗaura agogo. Mai haƙuri ne, mai tsari, ba ya ɗaga murya. Zai juya dama, ziiir, ya tsaya, tak, ya huta, sannan ya juya hagu, ziiir, tak. Bai taɓa makara ba, bai taɓa cewa ya gaji ba, bai taɓa tambayar wa zai karɓe shi ranar Lahadi ba. Ba shi da oga, ba shi da riga balle a yaga masa. Tun ranar da ya shigo gidanmu har ranar da aka kashe shi, agogon Baba bai tsaya ba ko sau ɗaya, kuma ina so a rubuta masa wannan a cikin ayyukansa na alheri. Umma ce ta raɗa masa suna Malam Lilo, da na ɗauka yabo ne.

Tarbar da aka yi masa ba ta yi armashi ba. Na ajiye shi a cinyar Baba ina murmushi. Baba ya ƙwanƙwasa shi da hagu, ya kara kunne, ya shinshina, sannan ya kau da kai ya yi gurnani. Umma ta ce, "Ya ce ba katako ba ne, dusar katako ce aka kwaɓa da gam." Na ce a gaya masa ba kujera na sayo ba. Da na zo cire agogon daga hannunsa sai ya damƙe shi da hagu, har sai da na ɓamɓare yatsunsa ɗaya bayan ɗaya. Don amfaninsa na yi, kowa ya sani. Na ɗora marigayi a kan kabad ɗin da ke fuskantar gado, na jona shi da wuta, yadda duk lokacin da Baba ya buɗe ido zai ga agogonsa na tafiya, hankalinsa ya kwanta.

Baba kuwa ya kalla. Daga safe zuwa yamma idonsa na kan kabad. Tunda agogo ba ya hannu, ya daina yarda a taɓa hannun, wanda ya matso ya sha ƙafa. Ni ma da na ga babu agogon da zan tayar, sai na rage zuwa, na koma Asabar Asabar, oga har ya fara amsa gaisuwata. Hannun ya fara lanƙwashewa zuwa ƙirji, yatsu suka dunƙule, sai da ƙarfi Umma ke buɗe su ta wanke tafin. Na gani, kuma abin ya dame ni ƙwarai. Amma na ce wannan tsakanin Baba da taurin kansa ne, marigayi aikin da aka sayo shi dominsa yake yi.

Maƙiyan marigayi suna da yawa, shugabarsu kuwa Yaya ce. Wata Asabar ta tare ni a tsakar gida tana wanke-wanke.

"Agogo ɗaya, mai shi na raye, hannunsa na jikinsa," in ji ta. "Uban me akwati zai yi mana?"

Na ce mata in agogo ya daɗe a tsaye man cikinsa daskarewa yake.

"Na hannun Baba fa? Shi ba ya daskarewa?"

Ban kai ga amsawa ba murfin tukunya ya wuce ta gefen kunnena. Na ce in tana da zuciya ita ta riƙa zuwa da safe a yaga mata riga. Mijinta, direban babbar mota ne, ya sa baki wai a bi a hankali, ni kuma na ci kwalarsa na ce wa ya kasa da shi. Ya ɗaga ni cak ya zaunar da ni cikin bahon wanke-wanke. Ina ƙoƙarin tashi Yaya ta sauke mini kujera a kafaɗa. Baba ne ya haɗa kujerar, saboda haka ita ko gezau, kafaɗata ce ta yi mako tana tsami.

Don a raba gardama muka je wurin mai gyaran agogo na bakin kasuwa, kowa da ranarsa. Ni ya ce mini tsayawa ce ke kashe agogo, na kyauta da na sayi akwati. Ita kuma Yaya, ce mata ya yi juyi ba hutu cinye haƙoran agogo yake, akwatin nan ɓarna ce kawai. Mutum ɗaya, benci ɗaya, gilashi ɗaya maƙale a ido. Da muka je masa tare, Yaya riƙe da takalminta a hannu, ya ce ai duka biyun gaskiya ne, ya tuna yana da unguwa, ya rufe shago da rana tsaka.

Kafin ajalinsa marigayi ya tsallake hare-hare da dama, duk daga kan gado. An jefe shi da kofi, an jefe shi da silifa, da kwalbar magani, da rediyo sukutum. Abin da ya cece shi shi ne hagun Baba ba ta da saiti. Duk tsawon rayuwarsa aikinta riƙe ƙusa ne, dama ce ke bugu. Waɗanda suka mutu a madadin marigayi sun haɗa da madubin Umma, da ƙwan fitila, da agogon bango wanda bai san hawa ba bai san sauka ba. Wani tsohon abokin aikin Baba da ya zo dubiya ya fita da ƙulu a goshi, kofin ƙarfe ne ya same shi yana cikin addu'a. Na gaya wa Umma ta kwashe duk abin jifa daga hagun gado. Cikin wannan ruwan jifa marigayi bai fasa aikinsa ba, ziiir, tak, ziiir, tak, ko kallon masu jifan bai yi ba.

Yanzu na zo kan ranar, kuma zan faɗe ta yadda na gan ta. Umma ta ce kabad ta so gogewa, shi ya sa ta sauko da marigayi ta ɗora shi a kan 'yar kujera, daf da gado, ta ɓangaren dama, wayarsa na jone. Guduma kuma, tsohuwar gudumar Baba mai ƙotar da gumi ya baƙanta, wai ta ɗauko ne za ta buga ƙusar labule, sai ta tuna ta bar ruwa a wuta, ta ajiye ta a kan katifa, ƙarƙashin hannunsa na dama. Na zagaya gidan nan ɗaki ɗaki daga baya. Babu labulen da ya faɗi.

Ina shigowa na tsaya a bakin ƙofa. Baba na zaune a gefen gado, ƙafafunsa a ƙasa. Ya sa hagu yana buɗe yatsun dama da ƙarfin tsiya, ina jin gaɓoɓin na ƙas ƙas, ya cusa ƙotar guduma a ciki ya matse su a kai. Ya kama wuyan hannun ya ɗaga. Bugun farko ba bugu ba ne, sakinta kawai ya yi ta faɗi da nauyinta. Gilashin tagar ya tsage daga kusurwa zuwa kusurwa. Marigayi, Allah sarki, bai ko tsaya ba, ya ƙarasa juyinsa na dama, tak, ya shiga na hagu. Ina jin wannan ne ya ƙara tunzura Baba. Na biyu da hannu biyu ya kawo shi, a kan kusurwar sama, hinjin da ke riƙe da ƙofar akwatin ya yi tsalle ya bugi bango, ƙofar ta rataye da sukuru ɗaya.

Sai Baba ya janye hagunsa ya ɗora ta a kan gwiwa. Na gani da idona. Hannun dama shi kaɗai ya fara tashi, guduma na kaɗawa a sama kamar za ta faɗo masa a ka. Jijiyoyin wuyansa suka miƙe, ya ciji leɓe har jini ya gangaro masa a haɓa. Da hannun ya kai daidai kafaɗa sai na gane bayan akwatin yake nema, inda ɗan injin yake. Ban san lokacin da na yi tsalle ba. Na kai hannu in janye marigayi, guduma ta sauko, ta sami babban yatsana a kan murfi. Farce ya rabu biyu, jini ya fantsama a kan karan-miski, na durƙusa ina ihun da maƙwabta suka ji. Baba ya dube ni daga sama, yana haki.

"Matsa," in ji shi.

Tun faɗuwarsa ban ji kalma ta fito daga bakinsa garau haka ba. Na matsa.

Abin da ya biyo baya ba faɗa ba ne, aiki ne. Baba ya wargaza marigayi yadda yake wargaza tsohon kabad, daga mahaɗa zuwa mahaɗa. Ya doki gefen dama ya ɓalle, ya doki na hagu ya buɗe, dusar katako ta tashi ta cika ɗaki. Tsakanin bugu da bugu yana hutawa, hannun na zubewa a cinyarsa, sai ya yi gurnani ya sake ɗaga shi. Marigayi bai daina ƙoƙari ba. Da murfinsa ya tafi, cikinsa a waje, yana nan yana juya agogo, sai dai muryarsa ta canza, ziiir ta koma ƙirrr, ƙirrr. Bugun da ya sami waya ya tayar da tartsatsi, fitilar shuɗiya ta mutu, warin ƙonannen roba ya tashi. Na ƙarshe a kan injin ya sauka. Marigayi ya yi rabin juyi, ya ce ƙit, bai sake cewa komai ba.

Agogon kuwa ko ƙwarzane babu. Duk wannan ɓarin guduma, da hannun da likita ta kusa cire rai da shi, Baba bai taɓa ko bakin gilashinsa ba. Ya sa hagu ya tono shi daga cikin tarkace, ya hure ƙurar, ya miƙo mini, sannan ya miƙo hannun dama.

"Ɗaura."

Na ɗaura da yatsu huɗu, jinina na ɗiga a kan madaurin. Umma na tsaye a bakin ƙofa, ta cusa tsumman goge-goge a baki tana kuka. Ni ma na yi kuka, na ce musu yatsa ne, kuma yatsan na ciki. Amma gaskiya farin ciki ne ya fi yawa, irin wanda ke zuwa da haushi, don ban taɓa jin daɗin ganin an lalata mini kaya ba sai ranar. Da Umma ta gama nata kukan ta ɗauko maganin ciwo mai zafin nan ta tuttula mini a kan farce ba ko sannu.

Mai gyaran agogo ya duba gawar, ya tabbatar babu abin da za a iya yi. A cikinta an sami ɗan inji da bai kai kwalin ashana ba, da bel na roba, sauran duk dusar katako ce da gam. A nan Baba ya yi gaskiya. Amma ina nan kan bakana cewa rashin asali ba dalilin kisa ba ne.

Marigayi ya rasu ya bar cajarsa, wadda yanzu ba ta shiga komai a gidan, Yaya ta gwada ta a wayarta ta ƙi. Ya bar ɗan matashinsa na karan-miski, da tabon jinina a jiki, Umma ta mayar da shi wurin soka allura. Ya bar kwalinsa, kyanwa ta tare a ciki. Ya bar agogon da ya yi wa hidima, wanda ya koma hannun maigidansa tun gawa ba ta huce ba, ko juyayi bai yi ba. Ya kuma bar ni, mai sayensa, mai kare shi, wanda ya sha murfin tukunya da kujera da guduma saboda shi.

Masu zuwa ta'aziyya da yawa suna ja na gefe suna tambaya, wai shin akwatin nan dole ne ga mai irin wannan agogo? Ba zan ci amanar mamaci ba. Wanda ke da agogo da yawa da hannu ɗaya, yana ƙyuyar saita lokaci duk ranar da ya canza, ya saya, zai ji daɗinsa. Wanda agogonsa ɗaya ne kuma yana ɗaura shi, hannunsa ya ishe shi, in ma ya tsaya girgiza shi kawai za a yi a gyara tsinke. Wanda kuma mahaifinsa kafinta ne, mahaifiyarsa na da son goge kabad, ina ba shi shawara ya bar kuɗinsa a aljihu. Yanzu agogon Baba yakan yi latti, wani lokaci da rana ya tsaya cak, sai ka ji gurnani daga ɗaki da ƙarar gado, Baba na yankan iska da hannu har ya tashe shi. Marigayi bai taɓa barin haka ta faru ba, a dai riƙa faɗin gaskiya.

Game da jana'iza, ga yadda aka tsara. An tattara gawar a cikin bahon wanke-wanke, wanda aka taɓa zaunar da ni a ciki, tana bayan ƙofar kicin ga mai son ganin ƙarshe. Na so in miƙa ta ga mai sayen tsofaffin ƙarafa a wuce wurin, Baba ya hana. Ta bakin Umma, ya ce abin da ya rayu cikin dusa ya kamata ko sau ɗaya ya kwanta cikin katako na gaske, kuma shi da ya kashe shi zai haɗa masa akwatin. An fito da bencin aikinsa tsakar gida. Tunda hannun bai kai ga riƙe katako da jan zarto lokaci ɗaya ba, ni ke zuwa kowace safiya in danne masa katakon da gwiwa. Na roƙi oga ya mayar da ni aikin yamma, ya yarda bayan ya ga yatsan. Zarton na tafiya a karkace, yana maƙalewa, Baba na zagina da kalmomin da kullum suke ƙara fitowa sarai, jiya har ya kai mini mari a ƙeya. Bai yi zafi ba, amma ya iso.

Ana karɓar gaisuwa a gida kullum bayan hantsi. Ana roƙon masu zuwa su miƙa wa Baba hannu ta dama, su riƙe da kyau su girgiza sosai, kada su ji tausayi. Wanda ya zo da niyyar kawo wani akwatin a madadin marigayi, ya sani gudumar tana nan ƙarƙashin matashi.

Za a binne marigayi a bayan gida ranar da akwatinsa ya kammala, kuma ba zan iya sa rana ba. Akwati ne da bai fi tafin hannu biyu ba, amma gefe ɗaya kawai muka gama. Yau da safe Baba ya auna katako, ya ja layi da fensir, ina kallo ya saka zarto can nesa da layin ya yanke shi ya gajarce. Mutumin nan tunda nake ban taɓa ganin ya yi kuskuren awo ba. Ya ɗaga guntun ya juya shi, ya jefar a kan tulin 'yan uwansa, ya duba agogonsa, sannan ya dube ni.

"Gobe," in ji shi. "Da wuri."

Na ce to, Baba. Allah ya ba mu haƙurin rashin Malam Lilo, ya sa kada katako ya ƙare a kasuwa.